Wutsiyar Layin 'Yan Tsani

Ranar da Cornelius Boykin ya rasu, Wendell Tarver yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar motar ɗaukar 'yan makaranta, yana fama da notin da tsatsa ta cinye. Ya daɗe da barin aiki a garejin gunduma, amma in mota ta gagari waɗanda suka gaje shi, shi suke nema. A nan wayar Odessa, matar Cornelius, ta same shi. Ya saurara har ta gama, ya ce, "Ubangiji ya karɓi bawansa." Ya ajiye wayar a kan siminti, ya ƙarasa kwance notin, sannan ya fito ya daɗe yana wanke hannu.

Mutuwar ba ta ba shi mamaki ba. An jima ana yi wa Cornelius wankin ƙoda, kuma Wendell ne ke kai shi yana ɗauko shi. Abin da ya tokare masa ƙirji wani alkawari ne da ya ɗauka, wanda bai san yadda zai cika ba.

Cornelius ɗan Tsani ne, irin ƙungiyoyin 'yan'uwantakar nan da samari ke shiga a kwaleji, su tsufa a ciki, su mutu a ciki. Sunanta na ainihi haruffa uku ne na Girkanci, amma saboda tsanin da ke jikin tambarinsu, kowa a garinmu Harlow 'Yan Tsani yake ce musu. In ɗayansu ya rasu, a jajiberin jana'iza sukan taru inda aka ajiye gawar, su sallami kowa har matar mamacin, su rufe ƙofa, su yi masa bankwana irin nasu. Babu wanda ya san abin da suke yi a ciki sai su.

Ana gab da ƙarshe, Cornelius ya yafito Wendell daga kan gadon asibiti.

"Dogo, matso. In sun rufe ƙofar nan a kaina, ina so kana ciki."

"Kai dai Guntu, ko a gadon asibiti ba ka daina jawo rigima ba."

"Ba wasa nake ba. Yaran nan na yanzu ba su san ni ba. Sun san wani tsoho mai sanda da ke gyangyaɗi a taro. Kai ne ka saɓa ni a kafaɗa."

"Ɗaukarka wani aiki ne? Buhun gyaɗa ya fi ka nauyi."

"Buhun gyaɗa ya fi ka hankali. Ka yi mini alkawari, ka ga ba ni da numfashin musu."

Wendell ya gyara masa bargo, ya ce ya yi. Amma shi ba ɗan Tsani ba ne. Saura ƙiris ya zama, shekara hamsin da suka wuce, kuma a wannan ƙiris ɗin ya yi rayuwarsa duka.

Ɗan manomin gyaɗa ne daga kudancin Alabama, shi ne na farko a danginsu da ya taka ƙofar kwaleji. Majami'arsu ta haɗa masa akwati, mahaifiyarsa ta cusa masa burodin masara a ciki. Ya isa makarantar da wandon da ya ɗage masa a ƙwauri, da magana irin ta ƙauye wadda 'yan birni ke kwaikwaya in ya juya baya. Sai ya daina magana. A ɗakin cin abinci bango yake fuskanta, ya ci kaɗan ya tashi. Daga baya ma ya daina zuwa. Kafin sanyi ya shigo ya rame har wuyansa ya fito, kuma babu wanda ya lura, domin dogon mutum in ya rame sai a ce tsawonsa ne. Ya taɓa gaya wa matarsa cewa a lokacin yakan kwanta ya yi ta tunanin in ya mutu a ɗakin nan, sai wari ne zai sa a buɗe ƙofa.

Wata safiya yana ɗaure akwatinsa zai koma gida, wani ɗan guntun yaro daga Birmingham, mai baki kamar rediyo, ya leƙo ɗakin neman aron dutsen guga.

"Kai zangarniya, ina za ka da akwati?"

"Gida."

"Gida ana rabon digiri ne? Ajiye. Muna neman dogo a layinmu, ba mu da wutsiya. Duk gajeru ne, in muka jeru sai ka ce yaran firamare."

Cornelius ke nan. Haka ya ja shi har gaban manyan ƙungiyar 'Yan Tsani.

Su biyar aka haɗa a layin shekarar. Akan jera masu neman shiga bisa tsawo, mafi gajarta a gaba, mafi tsawo a baya. Cornelius ne kai, wani mai tabarau da ake kira Percy Gaines a tsakiya, Wendell ne wutsiya. Aka aske musu kai, aka sa musu kaya iri ɗaya. Duk inda za su, a jere suke tafiya, hannun kowa a kafaɗar na gabansa. A faranti ɗaya suke ci. In ɗaya ya manta sunan wani babba ko ya makara, duka biyar ake tsugunar da su a zabga musu wani faffaɗan katako. Mu iyaye mata ba mu taɓa yarda da dukan nan ba, kuma babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce sai an farfasa wa yaro jiki yake zama ɗan'uwa. Akwai waɗanda abin ya nakasa a wasu makarantu. Wendell bai taɓa musa wannan ba. Amma yakan ce a makonnin nan ne aka fara lura ko ya ci ko bai ci ba. In ya ɓuya a ɗaki, mutum huɗu za a daka saboda shi, don haka mutum huɗu ke zuwa su buga masa ƙofa. Da farko don tsoron katako suke zuwa. Daga baya ko babu katako suna zuwa.

Aikin wutsiya shi ne ya ga bayan kowa. Wanda ya faɗi, shi zai ɗaga. Wata rana aka sa su gudu a filin ƙwallo cikin ruwan sama, Cornelius ya gurɗe ƙafa, Wendell ya saɓa shi a kafaɗa har suka gama, Cornelius yana sama yana zaginsa wai yana jijjiga shi. A wannan watan Wendell ya yi dariya har ya ji haƙarƙarinsa na ciwo, abin da bai yi ba tun barinsa gida.

Saura 'yan kwanaki su ƙetare, kamar yadda suke faɗi in an rantsar da mutum, aka kira shi ofishin makaranta. Mahaifinsa ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Ga gyaɗa ta nuna a ƙasa, ga ƙanne ƙanana. Ya hau motar haya da yamma, ya ce wa 'yan layinsa mako guda zai yi. Manya suka ce ba a ɗaga ranar rantsuwa don mutum ɗaya. A ƙarshen makon nan huɗun suka ƙetare, shi kuwa yana tonon gyaɗa. Mahaifin bai mutu ba, bai kuma tashi ba, ya shekara bakwai a kwance. Kafin a binne shi, maganar karatu ta riga ta zama tsohon labari.

Wendell ya koyi gyaran mota, ya sami aiki a garejin gunduma a nan Harlow, ya auri Earline, wadda ke waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Allah bai ba su haihuwa ba. Mutum ne mai zama a bencin baya don kada ya tare wa kowa gani. In ka gaishe shi sai ya cire hula tukuna ya amsa.

'Yan layinsa ba su yar da shi ba. Cornelius da ya gama karatu aka ba shi koyarwa a birni, ya ƙi, ya nemi makarantar sakandaren Harlow, wai iskar ƙauye ta fi masa. Kowa ya san ba don iska ya zo ba. Percy ya zama likitan haƙori a Montgomery, yana zuwa kamun tarwada duk bazara. Sauran biyun sun riga mu gidan gaskiya tun da jimawa. An so a shigar da Wendell ta ƙofar da ake shigar da waɗanda suka riga suka bar makaranta, sai aka tarar dokar ta ce sai mai digiri. Cornelius ya yi ta faɗa a taro har muryarsa ta dishe, ba a canja komai ba.

Sai ya zama mai gasa musu nama. Duk kaka, ranar da tsofaffin ɗalibai ke komawa kwalejin, yakan ɗaura tukubarsa ta ƙarfe, wadda ya ƙera da tsohon duro, a bayan mota, ya isa tun asuba ya hura itace. Haƙarƙarin alade, kaza, masara, ga tukunyar wake a gefe. Samari masu koriyar riga su yi ta layi suna cewa, "Baba Wendell, a ƙara mini ɗan ƙonannen can." Da yamma in suka kama hannun juna suka yi da'ira za su rera waƙar ƙungiya, sai ya juya baya ya shiga juya nama, ko da naman ba ya bukatar juyi. Ya san waƙar tun daga farko har ƙarshe, an koya musu ita a layi, amma babu wanda ya taɓa jin ta a bakinsa. Bai taɓa haɗa kore da ruwan toka a jikinsa ba, domin launinsu ne. In wani sabon shiga ya miƙo masa hannu irin gaisuwarsu bisa kuskure, sai ya ce, "A'a ɗana, ni ba na ciki," ya ba shi hannu irin na kowa. Ya fi da yawa daga cikinsu kiyaye dokokinsu.

Shekarar da Earline ta rasu, ya rufe gida ya sauke labule. Mu matan majami'a muna kai abinci muna ajiyewa a baranda, washegari mu tarar da shi yadda muka bar shi, tururuwa ta hau. Fasto ya je sau biyu, ya yi addu'a ta bakin ƙofa ya dawo. Cornelius ne ya ɗauko kujera ya kafa a barandar, kullum da safe, yana dukan ƙofa da sanda.

"Dogo, na san kana ji na. Warin ƙafarka ya iso har nan. Ka fito ka yi wanka ko in kira 'yan kwana-kwana su wanke ka da mesa."

Ya sake dukan ƙofar.

"Earline ta yi haƙuri da munin nan naka shekara da shekaru, yanzu kuma za ka ƙara masa gemu?"

Bai zo shi kaɗai ba. Ya raba wa 'yan reshen ƙungiyar aiki: wannan ya yanke ciyawa, wancan ya gyara magudanar rufi, wani ya zo kawai ya zauna a baranda ya kunna wasan ƙwallo a rediyo da ƙarfi. Akwai lauya a cikinsu, akwai mai sayar da inshora, duk suka tuɓe kwat suka yi. Ana haka wata safiya ƙofa ta buɗe, Wendell ya fito ya ce wa wanda ke yankan ciyawa injin nan zai lalace in bai sa masa mai ba. Daga nan ya dawo cikin mutane. Yakan ce ba don yaran Tsani ba, da an haɗa shi da Earline a wata guda.

Saboda haka da ya tafi wajen shugaban reshen washegarin rasuwar Cornelius, bai tafi da fushi ba. Shugaban, Terrence Askew, shi ne mai sayar da inshorar nan, mutum mai ladabi, ɗan shekara arba'in da wani abu. Ya miƙe tsaye da ganinsa, ya ja masa kujera, ya kawo masa shayi mai ƙanƙara. Wendell ya ɗora hula a gwiwa ya faɗi abin da ya kawo shi.

Terrence ya daɗe yana murza goshi.

"Baba, Allah ya sani da ikona ne, ni zan riƙe maka ƙofar. Naman da kake gasawa nake ci tun ban fara aske gemu ba. Amma rantsuwa muka yi. Ka ma fi ni sanin dokar."

"Na sani."

"In na buɗe maka, gobe ɗan wani mamaci zai ce shi ma. Jibi fasto ya ce shi ma. Daga nan me ya rage da za mu ce namu ne?"

"Ba zan buɗe baki ba. Lungu zan tsaya. In kun so in juya fuskata bango, zan juya. Shi dai ya ce ina ciki."

"Baba, don Allah kada ka sa ni a wannan hali. Ran jana'iza ka zauna a gaba tare da iyali. Kuma kana cikin masu ɗaukar akwati, wannan na yi maka alkawari."

"Ɗaukarsa kam ba sai an ba ni izini ba," in ji Wendell. Ya gode masa da shayin da bai sha ba, ya fita.

Da ya isa gida ya kira Percy. Percy ya hau faɗa tun kafin ya gama ji.

"Terrence? Yaushe aka haifi Terrence? Ni na tsaya masa aka ɗauke shi, yana yaro da haƙora a karkace. Ka ji, Dogo, in sun ce kowa ya fita, kai dai ka zauna. Kada ka motsa. Ni zan yi magana. Mu biyu muka rage a layin nan, in ga wanda zai taɓa wutsiyata."

"Ba na son hayaniya a kan Guntu."

"Wace hayaniya? Magana ɗaya zan yi su yi tsit. Ka goge takalminka kawai, kada ka zo mana da man gareji."

Wendell ya goge takalmin. Ya kai baƙar kwat ɗinsa wajen guga.

Ranar jajiberi, rana ba ta faɗi ba gidan masu hidimar jana'iza ya cika. Tsofaffin ɗaliban Cornelius sun zo da yawa, wasu da jikoki. An kwantar da shi cikin koriyar kwat, ya ƙara ƙanƙancewa, bakin nan da bai taɓa hutawa ba an rufe shi ruf. 'Yan Tsani suka shigo a jere, kwat kore, farar safar hannu, tsofaffi a gaba, samarin kwaleji a baya. A cikinsu akwai wani baƙo mai furfura da sarƙar muƙami a wuya, babban jami'in ƙungiyar ne da ya taso daga Atlanta don girmama mamacin. Babu wanda ya san zai zo. Percy da ya gan shi sai ya gyara tsayuwa.

Bayan fasto ya yi addu'a, Terrence ya fito gaba ya ce, cikin ladabi, suna roƙon duk wanda ba ɗan'uwa ba ya ba su ɗakin na ɗan lokaci. Muka tashi muna tattara jakunkuna. Aka riƙe Odessa aka fita da ita. Benci ya yi ta zama fayau, har ya rage mutum ɗaya a layi na biyu, dogo, hula a gwiwa, yana kallon akwatin.

Saurayin da aka sa rufe ƙofa ya tsaya riƙe da ita, bai san abin yi ba, don haka mu da ke bakin ƙofa muna ganin komai. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Baƙon Atlanta ya karkata ya tambayi na kusa da shi wani abu a kunne. Terrence ya tako ya rusuna.

"Baba."

Wendell bai dube shi ba. Ya juya kai yana neman Percy. Percy yana tsaye kusa da baƙon, yana jan yatsun safar hannunsa ɗaya bayan ɗaya, kamar sun matse shi. Ya buɗe baki, ya dubi sarƙar da ke wuyan mutumin, ya rufe. Sannan ya tako a hankali, ya dafa kafaɗar Wendell, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma shirun ya sa kowa ya ji.

"Dogo, ka yi haƙuri. Kada mu yi wannan a gaban gawa."

Wendell ya dubi hannun da ke kafaɗarsa har Percy ya janye shi. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya je gaban akwatin ya tsaya, ya gyara wa mamacin wuyan kwat da bai karkace ba.

"Guntu, na gwada," ya ce.

Ya bi ta tsakiyarsu ya fito. Samarin da suka ci naman da yake gasawa shekara da shekaru suka sunkuyar da kai. Aka rufe ƙofa a bayansa.

A farfajiya aka matsa masa wuri a benci, ya ƙi zama. Odessa ta kama hannun rigarsa.

"Wendell, zauna mana. Ni da na shekara arba'in ina wanke masa safa, ba ga ni a waje ba?"

"Ke ba ki yi masa alkawari ba, Odessa."

Ta cikin bango muna jin muryoyin maza suna tashi suna sauka, ba a rarrabe kalmomin. Wata mata ta fara rera waƙar yabo a hankali don ta rufe shirun, ba wanda ya kama mata, ta bari. Wendell yana tsaye daf da ƙofar, bai jingina ba, bai kasa kunne ba, har aka buɗe. Da suka fito wasu na share ido, ya matsa gefe ya ba su hanya.

Washegari ya ɗauki akwatin tare da su, ya zuba ƙasa, ya ci abincin da muka dafa a zauren majami'a. Wanda bai sani ba ba zai ce wani abu ya faru ba.

Da kaka ta zo, tukubar ta kwana a bayan gida, ganye na zuba a kanta. Terrence ya kira, ya sake kira, ya aiko da kwandon 'ya'yan itace. Wendell ya ce a gode masa, bayansa ne ke ciwo. Wata Asabar sai ga motar Percy a ƙofar gida. Ya hau baranda da ƙyar, ya zauna a kujerar da ke nan. Suka yi maganar ruwan sama, suka yi maganar tarwada da ta yi wuya a bana. Can Percy ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Na ji tsoro ne, Dogo. Tsoho da ni, na ga sarƙa na ji kamar ina layi za a dake ni. Ba ni da abin cewa."

"Ai ka faɗa."

"Bari in gaya maka abin da muka yi a ciki. Duka, daga farko. Rantsuwar ta bi ruwa."

"Riƙe abinka."

"Haƙƙinka ne."

"Ba labari ya ce in ji ba, Percy. Cewa ya yi in kasance a wurin. In ka faɗa mini, kai ka karya taka, ni kuma tawa tana nan a karye. Me aka gyara?"

Percy ya mayar da tabarau. Suka zauna har inuwa ta bar barandar. Da zai tafi, Wendell ya riƙe masa hannu ya sauka matakala, ya ce masa tayar baya ta hagu tana son iska. Wannan ce ganawarsu ta ƙarshe. Sanyi na shigowa 'yar Percy ta ɗauke shi zuwa Houston, a can ya rasu. Wendell bai je ba, ya ce tafiyar ta yi wa bayansa nisa.

Duk da haka bai taɓa zagin 'Yan Tsani ba, bai kuma yarda a zage su a gabansa ba. Wata 'yar'uwa a majami'armu ta tare shi bayan sujada, hankalinta a tashe. Ɗanta yana shekarar farko a kwaleji, ya daina ɗaukar waya, wanda suke ɗaki ɗaya ya ce ba ya fita ko cin abinci. Wai wasu 'yan ƙungiya sun neme shi, ita kuwa tana tsoro, musamman da ta ga abin da aka yi wa Wendell.

Ya juya hula a hannunsa.

"Ki bar shi ya shiga. Ki ce masa in an ɗaga masa hannu ya faɗa miki, yanzu an hana dukan nan. Amma ya shiga. Yaro yana bukatar waɗanda za su buga masa ƙofa." Ya sa hular, ya ƙara da cewa, "Ki ce masa kuma ya ƙarasa. Ko me ya faru a gida, kada ku kira shi sai ya ƙarasa."

Yanzu ya daina zuwa gareji. Idonsa ya yi rauni, ya bar tuƙi in rana ta yi ƙasa. Ran Lahadi yana nan a bencin baya. A majami'armu, mu matan da ke kula da hidimar jana'iza mukan zagaya dattawa lokaci-lokaci mu ji wace waƙa suke so a rera musu, wa suke so ya yi magana, don kada a bar iyali da ruɗani. Da muka je wurinsa ya ce waƙar da aka yi wa Earline ta isa. Mai magana kuwa, fasto ya taƙaita, mutane na da abin yi.

"Sai kuma jajiberi," ya ce. "Kada a fitar da kowa. Mai shiga ya shiga, mai zama ya zauna."

Odessa tana cikinmu. Ta ce, "To in masu koriyar kwat sun zo fa, a ina za a zaunar da su?"

Ya ɗago ya dube ta, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kina ganin za su zo?"

Odessa ta miƙe ta ce bari ta duba masa firij, ko madararsa ta lalace.